Ranar da Hannu Ya Ƙi Buɗewa: Jagorar Duba Tsokokin Miƙewa a Ƙasar Yauri

Ka tsaya a bakin ruwa a Yelwa ko Wara da sassafe ka kalli mai jefa birgi. Idonka zai tafi kan ƙwanjinsa da yadda ya tattara komar ya saɓa, ka ce sana'ar duk ƙarfin riƙo ce. Alhali birgi ba ya bajewa kamar faifai a kan ruwa sai a daidai lokacin da gwiwar hannu ta miƙe, wuyan hannu ya ɗagu, yatsu suka saki. Da yatsun za su makara da ƙiftawar ido, a dunƙule komar za ta faɗa. Tsokokin da ke wannan aiki na miƙewa da buɗewa suna kwance ne ta bayan hannu, ba su da kwarjinin ƙwanjin da samari ke nunawa ranar bikin Rigata. Ba mai tuna su sai ran da mutum ya farka ya tarar hannunsa ya langaɓe kamar ganyen da rana ta buga.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungunan da Gungawa suka gada, aka tayar da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai, abincin bakin tafkin bai daina fitowa daga gaɓoɓin mutum ba. Sarkawa na jan taru. Gungawa da Kambari da Shangawa na tsugune a fangalin albasa ko sunkuye a gonar shinkafa. Mata na daka da bandar kifi, samari na fizgar igiyar injin jirgi ko suna kan babur tsakanin Yelwa da Bin Yauri. Likitan ƙashi kuwa sai an yi tafiya: Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Don haka wanda ke fara taɓa hannun da ya sami matsala mai ɗori ne, ko mai kemis, ko ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauye, ko ɗan'uwa na gida. Dubawar da zan bayyana ba ta cin minti biyar, ba ta son na'ura, amma ita ke bambanta wanda zai jira a gida da wanda ya kamata a sa a mota yau ɗin nan.

Jijiya uku, suna ɗaya

A nan Hausa ta yi mana rowa. Abu uku muke kira jijiya: wadda jini ke bi, da farar igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da zaren da ke kawo umarni daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka. Wanda ya ce maka "jijiyarsa ce ta taɓu" bai faɗa maka komai ba tukuna. A wannan jagora, ta farko jijiyar jini ce; ta biyu zan kira ta agara, yadda mahauta ke kiranta; ta uku jijiyar laka.

In kana son ganin agara na aiki, nemi ƙafar kaza da aka yanke. Ja farin zaren da ke ta baya, yatsu su dunƙule. Ja na gaba, su buɗe. Wasan yara ne, amma ilimin ke nan gaba ɗaya. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa. Kowace gaɓa tana da masu lanƙwasa ta a gefe ɗaya da masu miƙe ta a ɗaya gefen, in ɓangare guda ya daina aiki sai ɗayan ya janye gaɓar wajensa ya riƙe.

A bayan damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, akwai tsoka mai kai uku: kai ɗaya daga allon kafaɗa, biyu daga ƙashin damtse, su haɗu su kama tsinin gwiwa. Ita ke miƙe gwiwar hannu. Da ita ake tura gora a ƙasan ruwa, da ita taɓarya ke sauka cikin turmi, da ita ake tokare ƙasa a ɗago daga sujada. Daga gwiwa zuwa wuyan hannu kuma, ta gefen da gashi ke fitowa, tsokoki goma sha biyu ne a jere, da yawansu sun taso daga ɗan ƙullutun ƙashin nan da ke gefen waje na gwiwa. Uku na ɗaga wuyan hannu. Ɗaya ta rabu huɗu ta buɗe yatsu huɗu. Manuniya da ɗan ƙaramin yatsa kowanne yana da tasa ta ƙari, shi ya sa kake iya nuna abu da manuniya alhali sauran na dunƙule. Babban yatsa shi kaɗai uku gare shi. Igiyoyin agarar masu ɗaga wuyan hannu da yatsun nan duka suna ratsa ƙarƙashin wata ɗamara mai kama da warwaro a wuyan hannu, ta ƙofofi shida, sannan su bazu a bayan tafi inda kake ganinsu in ka buɗe yatsu da ƙarfi.

Gwada wannan yanzu. Lanƙwasa wuyan hannunka ƙasa iya iyawarka, ka yi ƙoƙarin matse yatsan wani. Ba ƙarfi. Ɗaga wuyan hannun kaɗan ka sake matsewa, zai ce ka sake shi. Riƙo ba ya ƙarfi sai tsokokin baya sun kafe wuyan hannu a ɗage. Wannan ya sa mai hannun da ya langaɓe ba ya zuwa da kukan "na kasa buɗe hannu". Cewa yake filafili na suɓuce masa.

Dukkan tsokokin nan jijiyar laka guda ke ba su umarni, likitoci na ce mata radiyal. Daga wuya take tasowa, ta ratsa hamata, ta naɗe bayan ƙashin damtse tana manne da shi kamar igiyar da aka zagaya wa turke, ta fito gefen waje na gwiwa, sannan ta rabu biyu: reshe ɗaya ya nutse cikin tsoka, ɗaya ya bi ƙarƙashin fata ya kai ji zuwa bayan hannu. Mannewar nan da ƙashi ita ce rauninta.

Yadda ake dubawa

Zaunar da mutum, ka cire masa riga, ka riƙa gwada lafiyayyen hannu kafin mai ciwo. In akwai alamar karaya, kada ka sa shi ture ko ɗaga damtse. Yatsu da wuyan hannu kawai za ka duba.

Fara daga sama. Ya lanƙwasa gwiwa, ka tare hannun da tafinka, ka ce ya ture ka, ɗaya hannunka na kan bayan damtsensa kana jin ko tsokar ta yi tauri. Sai ka kwantar da hannun a kan benci, tafi na kallon ƙasa, wuyan hannu na lilo a bakin bencin, ka ce ya dunƙule ya ɗaga. Lura da abu biyu: ya ɗagu? In ya ɗagu, sak ya tashi ko ya karkace wajen babban yatsa?

Wurin yatsu ne mutane ke ruɗuwa, har da masu farar riga. Gaɓoɓi biyu na ƙarshen yatsa ba tsokokin baya kaɗai ke miƙe su ba. Akwai 'yan ƙananan tsokoki a cikin tafin hannu da ke yin haka, kuma wasu jijiyoyin laka ne daban ke tuƙa su. Mutum na iya miƙe kan yatsunsa ka ce lafiya lau, alhali radiyal ta tsaya cak. Abin da za ka kalla shi ne gaɓar gindin yatsu, inda yatsa ya haɗu da tafi. Tallabe wuyan hannun ya daidaita, ka ce ya ɗaga yatsun daga gindi, ɗaya bayan ɗaya, kana dannawa kaɗan. Daga nan ya shimfiɗa tafi a kan benci ya ɗaga babban yatsa sama, za ka ga agararsa ta fito raɗau. Ƙarshe, ya rufe ido, ka shafa bakin tsumma a fatar bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuniya, ka tambaye shi ko daidai yake ji da ɗaya hannun.

Ka ba kowane motsi lamba, ka rubuta da kwanan wata ko a bayan katin asibiti ne. Sifili, ba ko motsi. Ɗaya, tsoka na ɗan harbawa amma gaɓa ba ta motsa ba. Biyu, gaɓa na motsi in an kwantar da ita a gefe, ba ta ɗaga nauyin kanta. Uku, tana ɗaga kanta amma da ka danna ta faɗi. Huɗu, tana jure danni amma ba ta kai ɗaya hannun ba. Biyar, lafiya. Ma'aunin da likitoci ke aiki da shi ke nan a ko'ina. Amfaninsa a gida shi ne, bayan wata guda ba za a tsaya musun "ya samu sauƙi" da "bai samu ba". Takarda za a duba.

Karanta abin da ka gani

In gwiwa ba ta miƙewa, wuyan hannu da yatsu ma sun faɗi, matsalar can sama take, a hamata. Tambayi ko yana dogara sandar hamata. Da yawa suna rataya nauyinsu a kan hamatar maimakon tafin hannu. A rage tsawon sandar ya zama yatsu biyu ko uku na shiga tsakaninta da hamata.

In gwiwa na miƙewa da ƙarfi amma wuyan hannu da yatsu sun faɗi, ga fatar bayan babban yatsa ta sage, to a tsakiyar damtse aka danne jijiyar. Wannan ya fi yawa. Na ga irinsa a wata tunga kusa da Wara, wurin wani dattijo da ya kwana yana su, gajiya ta kwashe shi a cikin jirgi. Da na je, an kwana uku ana gasa masa hannu da ruwan zafi, fatar bayan hannun har ta yi bororo bai ji ba.

"Ɗana, abin ruwa ne ya taɓa ni," ya ce da ni, yana ɗaga hannun da ɗayan yana saki, yana faɗuwa.

"Baba, da barci ya ɗauke ka, ina hannun yake?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "A kan bakin jirgi. Na rataya shi waje, na ɗora kaina a kai."

Katakon bakin jirgin ne ya danna jijiyar a jikin ƙashi na sa'o'i. Irin wannan dannewa ba ta tsinka komai, saƙo ne kawai ya tsaya, kuma yawanci yakan dawo cikin makonni zuwa wata biyu ko uku. Nasa ya fara harbawa a mako na huɗu. Ƙunar ruwan zafin ta fi ba mu wahala.

Haka alamun suke in ƙashin damtse ya karye a tsakiya, kamar a faɗuwar babur. Kimanin mutum ɗaya cikin takwas ko tara masu irin wannan karaya na samun faɗuwar hannu, kuma mafi yawansu na warkewa ba tare da an taɓa jijiyar ba. Roƙona ga masu ɗori ɗaya ne: ku ce ya ɗaga wuyan hannu da babban yatsa kafin ku ja ƙashin, ku sake cewa bayan kun ɗaure. In da yana ɗagawa, bayan ɗori ya kasa, ku sassauta, ku tura shi asibiti a ranar. Haka in karayar ta huda fata, ko wuƙa ce ta shiga damtse. Ku kuma tsoraci ɗauri mai tsanani. Zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su kumbura su yi sanyi, yaro ya yi ihu in an miƙe masa yatsa: tsoka ce ke mutuwa a cikin karan ɗori, sa'o'i kaɗan ke gare ta. Garin neman gira an sha rasa ido a nan.

In wuyan hannu na ɗaguwa amma a karkace wajen babban yatsa, yatsu sun faɗi, fata kuma na ji daidai, reshen da ya nutse ne ƙasa da gwiwa ya taɓu. A nemi hoton ƙashin gwiwa.

Akwai kuma waɗanda ba na jira ba ne ko kaɗan. Hannu ya faɗi tare da karkacewar baki, ko sarƙewar magana, ko jan ƙafa: shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti nan take. Hannu biyu suka raunana a hankali, ga ciwon ciki da taurin bayan gida, a tambayi sana'a. Dalma na kama tsokokin miƙewa tun kafin wasu, kuma masu narka ta daga tsohon batir don yi wa koma nauyi suna shaƙar hayaƙinta. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen zinari mai haɗe da dalma ta kashe yara fiye da 400. Tunda ana haƙar zinari a ƙasar Yauri da Ngaski, kada a niƙa dutse a cikin gida, kada a narka dalma inda ake girki. In kuma akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a gwada kuturta. Maganinta kyauta ne, wata shida ko shekara, kuma jijiyar da ta taɓu kwanan nan ana iya ceto ta.

Matallabi da motsi

Abin da ke nakasa hannun da ya faɗi sau da yawa ba jijiyar ba ce, jiran ne. Jijiyar laka da ta ji rauni sosai tana tsirowa kimanin milimita ɗaya a rana, wajen inci guda a wata. Daga tsakiyar damtse zuwa tsokar farko tafiyar wata uku zuwa huɗu ce. In a wannan tsakani an bar hannun na lilo, tsokokin baya su saki kamar tsohuwar roba, na ciki su ƙanƙance, gaɓa ta sandare. Saƙo ya iso ya tarar ƙofa a kulle.

Abin da ke hana wannan shi ne matallabi, wanda zai tallabe wuyan hannun. Ga yadda ake yin sa. Yanko ɓallen robar jarka mai kauri, ko bututun ruwa na roba da aka tsaga biyu, faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Tsawonsa daga faɗin tafi guda ƙasa da gwiwa zuwa layin tsakiyar tafin hannu. Kada ya wuce nan, don yatsu su samu lanƙwashewa. Ɗumama shi a ruwan zafi ko nesa da garwashi, ka tanƙwara ƙarshensa sama. Ba sai ka auna kusurwa ba: ka ba mutumin kofi ya riƙe da lafiyayyen hannu, yadda wuyan hannun ya ɗan ɗagu, haka za ka kwaikwaya. Goge bakinsa kada ya yanka, bari ya huce sarai, shimfiɗa soson katifa ko tsumma mai laushi, ka sa shi ta cikin hannu, gefen tafi. Ɗaure wuri uku da tsumma mai faɗi, ba igiya ba: kusa da gwiwa, a wuyan hannu, da bayan tafi. Yatsanka ya iya shiga ƙarƙashin kowane ɗauri. Danna farcensa ya yi fari ka saki. In jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, ka matse da yawa.

Da zarar an sa, za ka ga ya iya riƙe cokali da buta. A bar shi ya yi aiki mara nauyi da hannun, alheri ne.

Sau uku a rana a kwance matallabin. In ana son kada a manta, a haɗa shi da asuba, azahar da isha'i. A duba fata ko ta yi ja, a wanke, a shanya. Sannan da lafiyayyen hannu ya ɗaga wuyan hannun har ƙarshe sau goma, kowane yatsa daga gindi sau goma, ya buɗe babban yatsa nesa da tafi sau goma. A hankali, ba fizga. Kowane lokaci ya yi niyyar ɗagawa da kansa ko da ba abin da ya motsa. Ban da gashi da wuta, ban da tsaga, ban da murza mai zafi a kan damtse. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Alamar dawowa na bin tsari: wuyan hannu ke fara harbawa, sai yatsu, babban yatsa da manuniya su ne na ƙarshe. Kana iya bin sawun jijiyar: ƙwanƙwasa da kan yatsa a bisa hanyarta, inda ya ji kamar minjirya ta ja shi zuwa bayan hannu, nan tsiron ya kai. Sa alama, ka sake gwadawa bayan wata. In an cika wata uku zuwa huɗu lamba na nan a sifili, a tafi wurin likitan ƙashi, kada a kai wata shida. Tsokar da ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba saƙo ba ta farfaɗowa. Ko an makara ma akwai dabara: likita na ciro agarar wata tsoka mai rai daga cikin hannu ya dasa ta a kan ta baya, sashen gashin ƙashi su koya wa mutum aiki da ita.

In agara ce ta yanke

Bayan hannu ba shi da nama, fata ce kawai a kan agara. Wuƙar gyaran kifi, lauje a yankan shinkafa, bakin kwanon rufi, farfelar inji, kowanne na iya tsinka ta ta ɗan rauni da bai kai a kula ba. Alamar ita ce yatsa ɗaya ya sunkuya ya bar 'yan'uwansa. Amma igiyoyin suna da 'yan zaruruwa da suka haɗa su a bayan tafi, maƙwabciya na iya ɗan ɗago wadda ta yanke. Don haka kada ka yarda sai ka danna ka ji ƙarfi. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ba ruwan tafki ba, ba toka, ba baƙin mai. A rufe, a ɗaure hannu da yatsu a miƙe a kan allo, a kai asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, a yi allurar sarƙewar haƙora. Agara ba ta haɗe kanta in ta rabu; tsoka na janye guntun sama, bayan mako biyu ko uku ɗinki ya yi wuya. In an ɗinke, wajen wata guda a cikin matallabi, jan taru kuwa sai an kusa wata uku. Raunin da haƙorin mutum ya yi a gindin yatsa wurin faɗa, ko ƙayar ƙurungu da ta shiga gaɓa, ba a ɗinke shi a rufe. Wanki yake so da maganin ƙwayoyin cuta, da wuri.

Wani lokaci igiya ce ke fizgar kan yatsa, gaɓar ƙarshe ta sunkuya ta ƙi miƙewa, ba jini. A ɗaure wannan gaɓa kaɗai a miƙe a kan ɗan ɓallen gora, mako shida zuwa takwas, dare da rana. In za a wanke, yatsan na shimfiɗe a kan benci. Ya sunkuya sau ɗaya, lissafi ya koma farko.

Ciwon gefen waje na gwiwar hannu kuwa, wanda ke tashi in an ɗauki buta ko an matse wanki, gajiyar tushen tsokokin nan ne, kuma ya zama ruwan dare ga masu jan koma da masu daka. A riƙa ɗaukar kaya tafi na kallon sama. A naɗa wa filafili ko ƙotar fartanya roba ta yi kauri. A ɗora hannu a kan cinya riƙe da gorar ruwa rabin lita, a ɗaga ta da taimakon ɗaya hannun, a sauke ta a hankali da mai ciwon, sau goma sha biyar, zagaye uku, kullum. Yawanci yakan wuce cikin shekara. Allurar da ake yi a cikin gwiwar tana kashe zafi na 'yan makonni, amma an gano ciwon ya fi dawowa ga waɗanda aka yi wa.

Ƙafa

Ƙafa ma tana da nata tsokokin miƙewa. Tsokar ɗuwawu ce ke miƙe ƙugu. Ita ke hawo da mai kwandon kifi daga gangaren ruwa. A gaban cinya kuma akwai tsoka mai kai huɗu, wadda agararta ta rungume ƙoƙon gwiwa ta sauka ta kama saman ƙashin ƙwauri. Ita ke riƙe mai tsayuwa a jirgi in igiyar ruwa ta bugo, ita ke tayar da mai tsuguno. Gwajinta ɗaya ne: mutum ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafa a miƙe. In bayan faɗuwa ya kasa, kuma ka ji rami sama ko ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ko ƙoƙon ya rabu, wannan aikin tiyata ne, ɗori ba ya haɗa shi. Tsokar nan tana saurin zubewa. Mako biyu a kwance, cinya ta rame. Duk wanda ke jinyar ƙafa ya riƙa danna bayan gwiwa a kan tabarma, ya ƙirga goma, ya saki, sau ashirin, safe da rana da dare.

A gaban ƙwauri akwai tsokoki huɗu masu ɗaga ƙafa da yatsunta sama. In sun tsaya, silifa ke fara ba da labari: sai ta riƙa ficewa. Yatsa na tuntuɓe da abin da bai kai a yi tuntuɓe da shi ba, mutum na ɗaga gwiwa sama kamar mai taka ruwa, tafin ƙafa na faɗuwa fal. Ka ce ya yi tafiya a kan dunduniya. Ba zai iya ba. Jijiyar lakar da ke tuƙa su tana zagaya wuyan siririn ƙashin da ke gefen waje, faɗin yatsu biyu ƙasa da gwiwa. Laluba naka, za ka ji ta tana mirginawa ƙarƙashin fata. Doguwar tsuguno wurin dashen albasa, harɗe ƙafa wurin ɗinkin koma, karan ɗori da ya hau kanta, doguwar jinya a kan tabarma mai tauri bayan an rame, duk suna danne ta. Mai dashe ya riƙa miƙewa bayan kowane fangali ko biyu, ko ya nemi 'yar kujera.

Sai a tambayi allura. Babbar jijiyar lakar ƙafa tana ratsa tsakiyar ɗuwawu zuwa ƙasa. Allurar da ta same ta na jefar da ƙafa, sau da yawa nan take, da zafi kamar wuta har tafin ƙafa. In dole sai a ɗuwawu, a raba shi huɗu a ido, a yi a kashin sama na waje. Jarirai da ƙananan yara kuwa a gefen gaba na cinya ake yi musu. In faɗuwar ƙafar ta zo da ciwon baya mai saukowa ta cinya, daga ƙashin baya take. In ƙafa biyu ne, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa, ko tsakanin cinyoyi ya sage, a tafi a daren. Yaron da bai kai shekara 15 ba, gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma har yanzu ana ɗaukar bayan gidan irin wannan yaro a gwada.

Kula da ƙafar da ta faɗi kamar ta hannu ce. Da dare a tokare tafin ƙafa da allo mai kusurwa, a tsaye kamar mai taka ƙasa, da soso a dunduniya. Sau uku a rana ya zauna ƙafa a miƙe, ya zarga rawani ko zani a tafin ƙafa ya ja wajensa, ya ƙirga talatin, don kada agarar dunduniya ta ƙanƙance. Da rana takalmi rufaffe mai igiya. A yanko robar tayar babur, a maƙala ƙarshe ɗaya a igiyar takalmin, ɗayan a wata ɗamara mai faɗi da laushi a saman idon sawu, ta riƙa ɗago ƙafar in an ɗaga. Kada ɗamarar ta hau kusa da gwiwa inda jijiyar take. Kowace yamma a duba bayan ƙafa da tsakanin yatsu, tunda ƙaya na iya shiga ba a ji ba, balle ga mai ciwon suga.

Mai irin wannan ƙafa kada ya shiga jirgi shi kaɗai, kada kuma ya tsaya inda igiyar taru ke kwance, don ƙafar da ba ta ɗaguwa ba ta fita daga zarge. Ya bari sai ya iya taku goma a kan dunduniya ba tare da ya dafa kowa ba. Mai hannu kuma sai lambar wuyan hannunsa ta kai huɗu, ya fara da jefa birgi a kan yashi, rigar kariya a jikinsa ranar da ya koma ruwa.